Ciwon Gwaggo Morai

An yi wani tankin gilashi a falon wata mata mai suna Hansatu, a birnin Kaduna. An cika shi da ruwan gishiri, an jera duwatsu a ƙasansa, an kuma ajiye halittu uku da aka ɗauko daga teku.

Ta farko ita ce Gwaggo Morai, doguwar kifanya mai siffar maciji, wadda take zaune a wani kogo tsakanin duwatsu. Kunya ta yi mata yawa. Na biyu Talibambam ne, wani kifi mai zarin ci, wanda yake kumbura jikinsa da zarar an musa masa. Ta uku kuwa Jatan Lande ce, 'yar ƙarama mai kaifin harshe, sana'arta share haƙoran kifaye da cire musu datti daga fata.

Kowace safiya, kafin Hansatu ta fita aiki, takan ajiye yankan kifi a bakin kogon Morai, ta watsa wa sauran nasu, ta fice da sauri. Idan ta dawo da yamma ta ga babu komai a bakin kogon, sai hankalinta ya kwanta.

Wata rana wani farin miki ya fito wa Morai a gefen baki, ya hana ta kama abinci. Ta ja jiki can ƙuryar kogo ta kwanta. Talibambam ya lura da naman da aka bari, ya waiga hagu da dama, ya haɗiye shi. Haka ya yi washegari, haka ya yi har kwana takwas.

Jatan Lande ta kasa zama wuri ɗaya. Ta hau dutse, ta sauko, ta zagaya, ta sake leƙa kogon.

"Sannu, Gwaggo. Ya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata," in ji Morai, da wata murya da ba a ji sai da ƙyar.

Talibambam ya taso yana lasar baki. "Kin ji da kunnenki ko? Ta ce da sauƙi. Sai ki daina tayar mana da hankali."

"Ka fi kowa sanin haka ake amsawa!" Jatan Lande ta daka masa tsawa. "Ko wanda yake gargara, da sauƙi yake cewa. Tarbiyya ce, ba bayanin likita ba. Kai kuma ka fake da ita kana cinye rabonta."

"Taimakonta nake yi. In na bar naman nan ya ruɓe, ruwa ya lalace, dukanmu mu halaka. Godiya ta kamace ni, ba zagi ba."

"To bar shi yini ɗaya tak. Uwar ɗakinmu ta dawo ta gan shi, ta san Gwaggo ba ta ci."

"Ke wace ce da za ki tsara mini?" Talibambam ya kumbura har ya tare rabin hanya. "Mai ƙafafu kamar tsinken tsintsiya! Koma ki ci gaba da sakace wa mutane haƙori."

Jatan Lande ta ƙyale shi, ta shige kogo. "Buɗe baki, Gwaggo." Morai ta buɗe, ita kuma ta kutsa tsakanin haƙora masu tsini, ta share mikin a hankali. Da ta fito, sai ta ce:

"Ya bazu har ciki. Wannan ya fi ƙarfin hannuna, magani yake bukata, magani kuwa yana bayan gilashi. Yau da yamma sai kin fita kin kwanta a gaba, inda matar nan za ta gan ki."

"Haba, 'yata. In fita da wannan baki, duk na rame, kowa ya zuba mini ido? Mu a gidanmu ba a raki."

"Gidanku yana teku, Gwaggo. A nan babu mai zuwa dubiya ya zauna ya karanci fuskarki. Matar nan ba ta jin maganarmu. Abin da idonta ya gani da shi take aiki, kuma abin da take gani shi ne kullum kina cinye abincinki."

Morai ta ce, "In na fita, asirin Talibambam zai tonu. Maƙwabci ne fa."

"Maƙwabcin da yake ƙiba da ciwonki! Shi ya ji kunyarki ne?"

Duk yinin nan babu wanda ya natsu. Jatan Lande tana kai da kawo a bakin kogo, Talibambam yana shawagi a sama yana hararar ta.

La'asar sakaliya aka ji motsin makulli a ƙofa. Morai ta fito da kanta a hankali, sannan ta jawo sauran jikinta. Talibambam ya sha gabanta a guje.

"Koma ciki, Gwaggo! Wajen nan akwai sanyi, ga shi ba ki da lafiya."

"Au, yanzu ka san ba ta da lafiya?" in ji Jatan Lande.

Morai ta fuskanci Talibambam. Ta wangame baki iya ƙarfinta, ya ga haƙoran, ya kauce. Ta lallaba har gaban gilashi, ta zube a kan yashi.

Hansatu ta saki jakar hannunta. "Innalillahi! Me ya same ki haka?" Ta durƙusa tana duban mikin da ramar. Sannan ta ɗaga ido ta dubi tumbin Talibambam. Ta tashi ta yanko kifi, ta ajiye a bakin kogo kamar kullum, amma wannan karon ta tsaya.

Talibambam ya san ana kallonsa. Ya juya baya, ya juyo, ya sake juyawa. Ƙamshin ya fi ƙarfinsa. Ya kai wawura.

"Ashe kai ne," in ji Hansatu, ta ɗauko raga.

Akwai tsaga a tsakanin duwatsu, da ya shige da ya ɓuya. Amma sai ya ga ya fi ƙarfin gudu, ya kumbura don ya tsorata mutum. Da ragar ta matso ya ruga ga tsagar, ta ƙi karɓarsa. Aka kwashe shi kamar ƙwallo, aka zuba shi a wani ƙaramin tanki a lungu, shi kaɗai, ana auna masa loma ɗaya a yini.

Hansatu ta kira mutumin da ya sayar mata da kifayen, ya zo da magani. Da ya duba Morai ya girgiza kai, ya ce da an ƙara kwana uku da sai dai a fitar da gawa. Aka canza ruwa. Hansatu ta daina ajiye abinci ta tafi. Takan miƙa shi da dogon tsinke, ta zauna tana jira ko da za ta makara. A rana ta biyar Morai ta kama ɗan yanki, ta haɗiye. Mikin ya warke, ko da yake ya bar mata tabo har ƙarshen rayuwarta.

Darasin wannan labari shi ne, azzalumi yakan samu mafaka a cikin kunyar wanda yake zalunta. Idan ana cutar da kai, fito inda za a gan ka, ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne. Idan kuma ka je duba mara lafiya, kada amsar bakinsa ta ishe ka. Dubi jikinsa, ka kuma bincika wane ne yake cin abincinsa.