Kurkunu a Ranar Shuka

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani manomi mai tsoron Allah, mutane suna kiransa Baban Tabita. Sunan ƙauyen ya ɓace mini, amma akwai wata babbar ɗorawa a bakin gonarsa, wannan kam ban manta ba. Gonar gero ce guda ɗaya, da ita yake ciyar da matarsa Rahila da 'ya'yansu huɗu. Ba a taɓa rigansa shuka ba a ƙauyen nan, shi ma ya san haka, yakan faɗa ma da bakinsa.

Wata shekara, da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ƙafarsa ta dama ta soma zafi kamar an ɗora mata garwashi. Wani ƙurji ya taso kusa da idon sawu. Da Rahila ta duba, sai ta ce, "Maigida, kurkunu ne."

Ku yaran yanzu ba ku san kurkunu ba, mun gode wa Allah. Wata irin tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tsawonta yakan kai hannun mutum. A ruwan tafki ake shan kurkunu, ya shekara a jiki, sa'an nan ya nemi hanyar fita ta ƙafa. Ba a jansa da ƙarfi. Idan kansa ya leƙo, sai a naɗe shi a ɗan kara, kowace rana a ƙara naɗi kamar tsawon gaɓar yatsa, a ɗaure da tsumma, a bari sai gobe. In aka yi garaje ya katse a ciki, ƙafa takan kumbura ta ruɓe, wani ma har ƙarshen ransa yana ɗingishi.

Baban Tabita bai tsaya wata-wata ba, ya aika a kira Malam Barnaba, mai bishara na ƙauyen, tare da dattawan ikkilisiya. Suka zo ran Lahadi bayan sujada, suka ɗora masa hannu, suka shafa masa mai, suka yi addu'a da murya ɗaya har maƙwabta suna leƙowa ta danga. Washegari da safe kuwa sai ƙurjin ya fashe, kan kurkunu ya leƙo. Kai, ku zo ku ga murna!

"Rahila! Rahila, zo ki gani! Allah ya ji! Jiya-jiya aka roƙa, ga shi yau ya fito!"

Rahila ta sheƙa ta kira Gwaggo Keziya, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar da ta fitar da kurkunu daga ƙafafun rabin mutanen ƙauyen. Gwaggo ta zo da ƙwaryar ruwan sanyi da ɗan kara da man kaɗanya. Ta jiƙa ƙafar, ta naɗe kan kurkunun, ta ɗaure, ta tafi. Haka ta yi kwana uku. A rana ta huɗu sai ya dubi ɗan abin da aka naɗe, ya dubi sama, ya ce, "Gwaggo, wannan aikin naki sai yaushe?"

"Sai ya gama fita."

"Kwana nawa ke nan?"

"Na maƙerin garin nan kwana arba'in ya yi."

"Arba'in! Gwaggo, hadari fa kike gani!"

"Ina gani mana, idona bai mutu ba. Miƙe ƙafar."

Sai zuciyarsa ta shiga kai da kawowa. A rumbunsa babu abin da ya rage sai iri da ɗan abin da zai kai su tsakiyar damina. In ruwan shuka ya wuce shi, da me yaran nan za su ci baɗi? Ya tuna labaran da yake ji tun yana ƙarami, yadda a zamanin da Ubangiji Yesu yake yawo a duniya guragu suka miƙe nan take, makafi suka gani a ranar. Ya ce a ransa, "An riga an yi mini addu'a. In na zauna ina jiran karan tsohuwa, ashe ban gaskata ba ke nan."

Ya ce, "Gwaggo, gobe ki huta. Na bar wa Allah."

"Au! To, ni wa nake yi wa aiki duk kwanakin nan, Shaiɗan?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita tana mita.

Da la'asar ɗin nan aka sako ruwa, ruwa na gaske, irin wanda yake ratsa ƙasa. Da gari ya waye, ƙanshin ƙasa ya cika gidan. Baban Tabita ya jawo jiki ya zauna a bakin ƙofar ɗaki. Ya kwance tsumman, ya damƙi ɗan karan, ya ɗaga ido sama ya ce, "Ya Ubangiji, na gaskata. Yau zan fizge shi gaba ɗaya, in tashi in yi shukata."

Rahila ta saki muciya. "Maigida, don Allah kada ka yi!"

"Matsa can. Ke bangaskiyarki ba ta da ƙarfi."

Ya fara ja. Kurkunun ya miƙe, ya yi siriri, ya ƙara siriri, saura ƙiris ya katse. Sai ji ya yi an make masa hannu da sanda. Gwaggo Keziya ce. An ce ta huta, ba ta huta ba.

"Saki! Na ce saki, sakarai! Ni na goya ka a bayan nan, yau ka fi ni sanin kurkunu?"

Bai saki ba, bai kuma ja ba. Suna cikin haka sai suka ji waƙa tana tasowa daga wajen majami'a, tana matsowa, har ta tsaya a ƙofar gida. Malam Barnaba ya yi sallama ya shigo da sungumi a kafaɗa, wato doguwar fartanyar da ake sarar ramin shuka da ita. Maza na bayansa, kowa da nasa, matan zumuntar ikkilisiya kuma riƙe da ƙorai.

"Baban Tabita, iri muka zo karɓa. Ka san ba a buɗe rumbun mutum sai da izininsa."

"Wane iri, Malam?"

"Irin gonarka mana! Tun ranar da muka yi maka addu'a muka shirya, ruwan fari naka ne. Gonakinmu sai gobe." Sai idonsa ya kai ga hannun manomin. "A'a, me kake yi haka?"

Gwaggo ta karɓe. "Tambaye shi dai! Wai bangaskiya ce ta motsa masa, zai fizge. Daga baya kuma ni za a kira in zo in ga ruɓaɓɓiyar ƙafa."

Malam Barnaba ya ajiye sungumi, ya tsuguna kusa da shi, ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, ina nan aka yi addu'ar nan, da bakina ma aka yi ta. Mun roƙi Allah ya warkar da kai. Ban ji wanda ya yanka masa rana ba."

Baban Tabita ya dubi sungumai, ya dubi ƙorai, ya dubi ɗan zaren da ke tsakanin ƙafarsa da karan. Sai yatsunsa suka saki. Hawaye suka zubo masa, yana kuka yana dariya, ya ɗaga murya ya ce, "Ku buɗe rumbu! Ku buɗe shi!"

Mata suka ɗauki guɗa. Gwaggo ta jiƙa ƙafar, ta naɗe gaɓar yatsa ɗaya, ta ɗaure. Aka ɗora shi a kan jaki aka kai shi gona, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawar nan. Maza suka jeru suna sara, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da dunduniya, waƙa kuwa ba ta tsaya ba. Mutumin da ba a taɓa rigansa shuka ba, ga shi a zaune, amma bakinsa bai zauna ba.

"Malam, layinka ya karkace!"

"Ka warke ka zo ka gyara!"

Kafin rana ta take, an gama gonar kaf. A shekarar ma dai ba wanda ya riga shi shuka.

Wasu sun ce kwana ashirin da uku aka yi, wasu sun ce da shida, ban iya rantsewa ba. Amma wata safiya wutsiyar kurkunun ta fito, cif, bai katse ko'ina ba. Gwaggo ta ɗaga karan sama tana nuna wa maƙwabta, ta rangaɗa guɗar da ba a san tana da sauranta a maƙogwaro ba. Gyambon ya rufe. Noman farko ya ɗan makara, amma da ƙafarsa ya je ya yi shi. Ran Lahadi kuwa ya taka rawa a gaban jama'a, har sai da Gwaggo ta ce, "A hankali, kai! Ƙafar ba taka ce kai kaɗai ba, da wahalata a ciki!"

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa ƙaunatattu. Kurkunu shi ne kowace cuta da take kwantar da mu a lokacin da muke ganin ba mu da damar kwanciya. Manomin bai yi kuskure ba da ya kira dattawa, haka ya kamata. Bai yi kuskure ba da ya gaskata Allah yana warkarwa nan take. Allah ya yi haka a da, yana kuma yi har yau, wasunmu sun gani da idanunsu, suna ba da shaida. Halleluya! Kuskurensa shi ne ya ɗauka cewa hanyar Allah guda ɗaya ce, wato mai sauri. Ya manta cewa wanda ya leƙo da kan kurkunu washegarin addu'a, shi ne ya ajiye Gwaggo Keziya a ƙauyen shekara da shekaru tana koyon naɗi. Karan nan nata ma amsar addu'a ne.

Yau karan Gwaggo ya zama ƙwayar maganin da likita ya ce a sha kowace safiya, ya zama allura, ya zama komawa asibiti ranar da aka ce a koma. Akwai mai ciwon suga, akwai mai hawan jini, akwai mai tari, da aka yi masa addu'a sai ya jefa maganinsa bayan gado, wai kada Allah ya ga kamar bai gaskata ba. Ɗan'uwana, wannan fizge kurkunu ne. Ka koma ka ɗauko maganinka, ka gode wa Allah a kansa, ka sha, ka ci gaba da addu'a. In Allah ya ga dama ya tashe ka yau, likitan ma zai gani, ya taya ka murna.

Mu kuma da muke ɗora wa marasa lafiya hannu, kada mu ce amin mu karkaɗe riga mu tafi. Abin da ya sa mutumin nan ya damƙi kara, tsoron yunwar 'ya'yansa ne, abin da ya sa ya saki kuwa, sungumai ya gani a ƙofarsa. Ku tuna da wanda kuka yi wa addu'a a makon nan. Ku je ku tambaya wace gona ce take hana shi barci, gobe da safe ku ɗauki sungumi ku je ku yi masa sallama.