Teburin Ilu Kuku da Kwanon Baba Nomau

An yi wani mutum a wani gari na bakin iyaka, tun zamanin da gyaɗa ke da daraja. Sunansa Ilu, amma Ilu Kuku ake ce masa, domin ya daɗe yana yi wa wani Bafaranshe girki a tsallaken iyaka. Da maigidan nasa ya koma ƙasarsu, Ilu ya dawo gida da akwati ɗaya: farantai, cokula masu yatsu, da farin mayafin tebur. Aiki kuwa babu. Bawan Allah ne marar hayaniya, irin wanda in ka taka shi, shi zai riga ka cewa yi haƙuri.

Yana da maƙwabci, Baba Nomau, tsoho ne, ido ya yi rauni, 'ya'ya duk sun watse. Su biyu suna ciyayya. Na san da yawanku ba ku taras da ita ba: in an idar da Magariba, kowa ya fito da kwanonsa ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, a haɗa a ci tare. Kwanon Baba Nomau kullum ɗan tuwon dawa ne da tsinkakkiyar miyar kuka. A kwanon Ilu yake ƙoshi. Ilu ya sani, bai taɓa nunawa ba.

To, ku saurara. Wata bazara mai tsananin zafi, wani attajiri, Alhaji Mamuda, ya gina masaukin baƙi saboda Turawan da ke zuwa sayen gyaɗa, yana neman kuku. Ya aika wa Ilu cewa zai zo da abokansa biyu, a yi musu cimar Faransawa sak, yadda ake yi can, Ilu kuma ya zauna da su ya nuna musu riƙon cokali. In ta yi, aiki ya zama nasa.

Rumbu ya kusa ƙarewa. Matar Ilu, Lantana, ta sayar da akuyarta aka sayi zabi, man shanu, albasa da fulawa. Tana ba shi kayan ta ce, "Malam, ka dai gaya wa Baba kada ya fito ranar. Ka ce za a aika masa."

"Zan gaya masa."

Ya je, ya zauna, suka yi hirar zafi da ta tsadar kalanzir, ya taso. Bakinsa ya kasa faɗa masa.

Ranar ta zo. Ilu ya yayyafa ruwa a filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, ya kafa tebur, ya shimfiɗa farin mayafin nan, ya jera kujeru. Ku gane, cimar mutanen nan ba irin tamu ba ce. Mu a kawo komai lokaci guda, wanda ya yi sallama a ce bismillah. Su kuwa kowa da kujerarsa, kowa da farantinsa, abinci na zuwa kaɗan-kaɗan, wannan na bin wannan, kuma wanda ba a gayyata ba, babu wurinsa.

An zauna ke nan, an zuba romon albasa, sai ga ƙarar sanda a zaure.

"Salamu alaikum! Ilu, yau tabarmar tamu ƙafa ta yi? Na laluba, na laluba, babu."

Ga Baba Nomau tsaye, rigarsa duk faci, kwano a hannu. Lantana ta leƙo ta bayan zana tana girgiza kai. Alhaji Mamuda ya ce a hankali, "Ilu, na ɗauka mu kaɗai ne."

Jama'a, magana ɗaya ce ta rage: Baba, koma gida, zan aiko. Ba zagi ba ce, ba ƙarya ba ce. Ilu ya ji ta a kan harshensa. Ya tuna akuyar Lantana. Sai ya dubi kwanon da tsohon ya rungumo, ya miƙe, ya ja tasa kujerar.

"Bismillah, Baba. Ga wurinka."

Tsoho ya hau kujera yana dariya, wai an ɗaga shi sama kamar mai jiran aski. Ya kurɓi romo, ya jira, ya ce, "Ina tuwon?"

"Haka ake shan sa, Baba."

Aka kawo salak. Tsoho ya sa yatsu ya shafa, ya ji ganye ɗanye, ya sunkuyo wajen Ilu, da raɗar da kowa ya ji: "Itace ne ya ƙare?"

Kafin Ilu ya amsa, tsoho ya ɗora kwanonsa a tsakiyar tebur, ya buɗe. Miyar kuka ta zubo a kan farin mayafi.

"Bayin Allah," in ji shi, "ku yi masa uzuri. Yaron nan ya daɗe ba aiki, amma wallahi ba marowaci ba ne. Ga ɗan abin da ya samu, ku sa hannu. Kada ku tashi da yunwa a gidan Ilu."

Ɗaya daga cikin abokan Alhaji ya toshe baki da hannun riga. Fuskar Alhaji ta murtuke. Ga zabi can cikin man shanu suna jiran a kawo. Ilu na iya cewa, Baba, ba ka gane ba, a yi dariya, shi Ilu ya fita kunya. Amma wa za a yi wa dariyar?

Ya ajiye cokali. Ya wanke hannu, ya gutsuri tuwon nan, ya ci a tsaye, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. Ka rufa mini asiri."

Aka kawo zabi, aka ci. Da za su tafi, Alhaji ya ja shi gefe. "Girki ka iya, Ilu. Amma wanda ya kasa tsare ƙofar gidansa, ba zai tsare mini teburin Turawa ba."

Na ga wasunku na jira in ce Alhaji ya dawo da safe. Bai dawo ba. Wani aka ɗauka.

Lantana ta yi kuka. "Akuyata, Malam."

"Na sani, Lantana. Ki yafe mini."

Ta wanke mayafin nan har hannunta ya yi zafi, tabon kuka bai fita ba. Daga baya a kansa Ilu ya riƙa jera burodi, da ya koma sayar da shayi a tasha. Da shi suka rayu, ba wadata, ba roƙo. Baba Nomau kuwa, har Allah ya karɓi ransa, in aka zauna ciyayya sai ya ba da labarin ranar da ya fitar da Ilu kunya a gaban manya. Ilu kan ce, "Ƙwarai, Baba. Haka aka yi."

'Yan uwa, ga abin da nake so mu ɗauka. Karamci ba cika faranti ba ne, tsare mutuncin wanda ke gabanka ne, ko da hakan zai ci maka abin da kake nema. Mu yau muna shirya walima, mu kawo kalolin abinci daga ƙasashen duniya, ba laifi. Amma in manyan baƙi za su zo, wa muke cewa ya zauna a ɗaki? Gwaggon ƙauye? Tsohuwar maƙwabciya da ta goya mu? Kowa ya san nasa Baba Nomau. In ya yi sallama ranar da ba ka so, ja masa kujerarka. Allah ya ba mu ikon yi.