Gwangwanin Muhannad

Akwai wani manomi a Mai Wurno, can bakin kogin Nilu, ana ce masa Falalu. Duk wanda ya zauna garin a farkon shekarun dubu biyu zai tuna irin zaman da ake yi a lokacin. Da hantsi mata na gasa kisra, wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, ƙamshi ya cika unguwa. Motocin birnin Sinnar na kiran fasinja a bakin hanya. Yara kuma na tsere ba takalmi zuwa kantin Abdussalami, kowa da ɗan kuɗinsa a dunƙule cikin hannu.

Falalu mutumin kirki ne, sai dai hannunsa a matse yake. Yana da dalilinsa. Yana saurayi ya ga yayansa ya kwashi kuɗin amfanin gona na shekara guda ya tafi birnin Madani, ya dawo daga shi sai rigar jikinsa. Tun daga nan ya yi wa kansa alkawari, in Allah ya ba shi ɗa, ba zai tashi da sakin hannu ba.

Allah ya ba su ɗa shi da matarsa Aminat, suka sa masa Muhannad.

Da yaron ya kai shekara shida ya shiga makaranta, sai ya ga abokansa na zuwa da masaruf, ɗan kuɗin da iyaye ke ba yara su kashe. Ana fitowa tara sai su yi wajen mai ta'amiyya, wato ƙosan can, da mai dandurma, ruwan ƙanƙarar nan mai zaƙi da ake ƙullawa a leda. Shi kuwa abin da uwarsa ta ƙunsa masa daga gida yake ci.

Da ya yi wa ubansa magana, Falalu bai yi faɗa ba. Ya samo gwangwanin madara, ya huda murfin, ya ɗaure shi da waya. Kowace Juma'a in sun dawo masallaci sai ya miƙa wa yaron dinari, kuɗin ƙasar na lokacin, ya sa shi ya jefa da hannunsa, sannan ya mayar da gwangwanin saman bango, ƙarƙashin rufin ɗaki.

Ya ce masa, "Wanga duk naka ne. Amma ba a buɗewa sai ya cika. Kuma kada in ji ka yi wa kowa zancensa."

Muhannad yaro ne mai biyayya. Sau ɗaya ya roƙa a ba shi guda ya sha dandurma, uban ya ce masu shan dandurma su ne gobe za su zo wajensa roƙo. Bai ƙara tambaya ba. Wani lokaci dai Falalu kan shigo ya same shi tsaye yana kallon saman bangon.

Dije, mahaifiyar Falalu, tana zaune a gidan, kuma abin bai kwanta mata ba. Ta tuna masa cewa shi ma tana ba shi girshi ɗaya, ɗan ƙaramin kuɗi kamar kwabo, ran kasuwa yana yaro, ba ta taɓa bin sa ta ga abin da ya saya ba. Falalu ya yi dariya ya ce wancan zamani ya wuce, yanzu duniya sai da tanadi.

Haka aka tafi wajen shekara biyu.

A shekarar 2007 aka canza kuɗi, aka janye dinari aka kawo sabon jine. An ɗan jima ana karɓar duka biyun, don haka Falalu ya ci gaba da ba yaron dinari. Da wa'adi ya matso, ya kwashi kuɗin gida ya kai Sinnar ya canzo. Kansa ya ɗau zafi da shirin tafiya Gadarif aikin damina, gwangwani bai ko faɗo masa a rai ba. Aminat ta ɗauka ya haɗa da shi. Muhannad ya ji ana ta zancen canji a gari, amma an hana shi maganar gwangwani, sai ya kama bakinsa.

Falalu bai dawo ba sai bayan yankan riɗi. Ya zo da tsaraba, ransa fari. Da ya sauko da gwangwanin ya ji nauyinsa, sai ya kira yaron ya ce yau rana ta yi. Ya kwance wayar, ya zazzage a kan tabarma.

Yana ganin dinari sun watsu, sai ya tuna bai canzo su ba. Kafin ya sami abin cewa, Muhannad ya tattare su a gaban rigarsa ya ruga waje. Falalu ya bi shi da sauri, amma ya tarar har ya juye su a kan teburin Abdussalami, yana nuna wannan, yana nuna wancan.

Abdussalami ya dubi kuɗin, ya dubi Falalu. Cikin taushin murya ya gaya wa yaron cewa waɗannan an daina karɓarsu tun damina, ko banki ba ta amsa yanzu.

Muhannad bai yi kuka ba. Ya juyo ya kalli ubansa.

"Baba, ashe kuɗi ma mutuwa suke yi?"

Falalu ya laluba rigarsa. Ya zaro sabon jine daga aljihu, fiye da abin da ke cikin gwangwanin, ya danƙa masa. Yana ganin ya gyara ɓarnar ke nan.

Kafin la'asar babu ko girshi. Muhannad ya saya wa yaran layinsu dandurma da alewa, shi ma ya sha har cikinsa ya ɓaci. Daga ranar, duk abin da ya shiga hannunsa ba ya isa gida. In kawunsa ya ba shi, sai kanti. In baƙo ya ba shi, sai kanti. Uwarsa ta tambaye shi saurin me yake yi, ya ce gara ya kashe kafin su mutu.

Falalu ya yi faɗa, bai yi amfani ba. Ya daina ba shi gaba ɗaya. Ba a jima ba Aminat ta lura in ta aiki yaron sayen gishiri ko sabulu, canjin ba ya cika. Da ta gaya wa mijinta, sai ya gane yaron ya fara taɓa kuɗin da ba nasa ba. Abin da ya gudar wa ɗansa shi ne yake gani yana tahowa.

Da yamma ya sami mahaifiyarsa a inuwar dalbejiya tana tsince wake. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ce, "Inna, yaron nan ya fi ƙarfina."

Dije ba ta ɗago ba. Ta ce, "Bai fi ƙarfinka ba. Kai dai ba ka taɓa ba shi kuɗi ba, ajiya ka ba shi. Girshin da nika ba ka, ka tuna ranar da ka saye busar kara ta fashe kafin ka iso gida? Ka yi kuka, ban ƙara maka ba. Mako na gaba da kanka ka tsaya kana dubawa kafin ka saya."

Falalu ya tuna. Har ƙurar kasuwar ya tuna, da yadda girshin ke yin ɗumi a tafinsa.

Ta ce ya riƙa ba yaron kaɗan, rana ɗaya sananniya a mako, ba don ya yi aiki ba, ba don ya yi kuka ba. Su tafi kasuwa tare. In ya tambayi shawara a ba shi, in bai tambaya ba a ƙyale shi. In ya ƙare, ya ƙare sai wani makon.

Haka Falalu ya yi, kuma bai zo masa da sauƙi ba. Makon farko yaron ya kashe duka a rumfar farko. Mako na biyu ya sayi motar roba da kowa ke ganin ba za ta kwana ba. Falalu ya buɗe baki, ya tuna maganar tsohuwa, ya rufe. Ƙafar motar ta cire a hanya. Muhannad ya dube shi yana jiran faɗa ko ƙari, bai sami ko ɗaya ba. Uban ya karɓi motar kawai ya riƙe masa har gida.

A hankali yaron ya fara tambayar farashi. Ya fara wuce rumfa ɗaya ya leƙa ta gaba. Canjin aike ya koma cika, ba tare da an yi masa magana ba.

Wata ranar kasuwa, lokacin sanyi ya shigo, suna hanyar komawa gida sai Muhannad ya ja hannun rigar ubansa. Ya buɗe tafinsa, ga sauran kuɗin da bai kashe ba.

"Baba, riƙe mini wanga. Amma ran da na ce ka ba ni, za ka ba ni?"

Falalu ya durƙusa a tsakiyar hanya har kansu ya daidaita. Ya ce, "Ran da ka ce, ko ina gona ne."

Yaron ya zuba masa a hannu, ya ruga ya cim ma abokansa. Falalu ya adana kuɗin a aljihu, ya miƙe ya bi bayansu.

Darasi: Idan yaro ya fara makaranta, ya san ƙaramin kuɗi da babba, lokaci ya yi da za a fara ba shi ɗan abin kashewa. A ba shi kaɗan, a rana sananniya, a bar shi ya zaɓa, ya yi kuskurensa tun kuskuren yana da araha. Tanadin da aka tilasta wa yaro ba ya zama halinsa, sai wanda ya zaɓa da kansa. Ku tura wa iyayen da kuka sani masu ƙananan yara, wataƙila wani gidan yana bukatar jin wannan a yau.