Mutumin da Ya Kori Alamominsa

Akwai wani mutum mai kiwon kaji wanda ya koyi cinikin hannun jari a wayarsa. Malamin da ya koya masa ya ɗora masa alamomi uku a kan zanen farashi. Ɗaya layi ne shuɗi mai nuna inda farashi ya dosa. Ta biyu tana nuna ko masu saye sun yi wa abu rububi har ya yi tsada fiye da kima. Ta uku kuwa tana nuna yawan ciniki. Ya ce masa, "Kada ka saya sai sun yarda."

Wata Lahadi bayan sujada, mutumin ya ga maƙwabcinsa a kan sabon babur, yana ta danna ƙaho ba dalili. Maƙwabcin ya ce ribar hannun jarin wani kamfanin sukari ce. Tun a ƙofar majami'a zuciyar mutumin ta gama ciniki. Abin da zai saya da shi kuwa, kuɗin kwanon rufin gidansa ne.

Da ya isa gida ya buɗe waya, sai ga layi shuɗi yana gangara. Ya ce, "Wannan layin ya tsufa, bai san abin da duniya take ciki ba." Ya goge shi. Alama ta biyu ta nuna abin ya yi tsada. Ya ce, "Hassada ce kawai." Ya goge ta. Ta uku ta nuna ciniki ya ja baya. Ya ce, "Ashe har da ke aka haɗa baki?" Ita ma ya kore ta.

Matarsa tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Baban Rifkatu, me alamomin naka suka ce?"

Ya ce, "Suna shawara tukuna."

Sai ya shiga kwaso waɗansu alamomi, yana gwadawa yana zubarwa. A ƙarshe ya kama wata, ya yi ta murɗa lambobinta kamar mai neman tasha a rediyo, har wata 'yar kibiya koriya ta leƙo. Ya daka tsalle, kaji suka watse. Ya ce, "Alama ta fito! Ubangiji ya buɗe hanya!" Ya saya da dukan abin da yake da shi.

Farashi ya bi inda layi shuɗi ya nuna. Damina ta sauka, ɗaki ya yi ta yoyo. Yana zaune a bakin gado da roba a cinya yana taran ruwa, ya ce, "Alamomin nan duk maƙaryata ne."

Matarsa ta ce, "Waɗanne? Waɗanda ka kora, ko wadda ka shaƙe sai da ta ce i?"

Ya gyara wa robar zama.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Alamomin su ne Maganar Allah, da lamirinmu, da masu faɗa mana gaskiya. Sau da yawa mukan gama yanke shawara, sa'an nan mu durƙusa muna roƙon Allah ya nuna mana nufinsa. Dattijon ikilisiya ya ce a'a, mu ce ya tsufa. Aboki ya ce a'a, mu ce baƙin ciki yake yi. Mu yi ta buɗe shafi bayan shafi har mu sami rabin aya da za ta goya mana baya. Wannan ba neman nufin Allah ba ne, neman ɗan amshi ne. In ka tambayi Ubangiji a makon nan, ka tsaya ka ji amsar, ko da a'a ce.