Gaɗa Ba Tafi

An yi wani ciyaman na ƙaramar hukuma, gidansa na jikin filin shaƙatawar gari. Gaɗar 'yan mata ta dame shi, sai ya sa aka kulle filin. Gwaggo Tabawa, da ta ga jikokinta sun koma wasa bakin titi, ta tare shi cikin magoya bayansa.

"Ranka ya daɗe, mota za ta kwashe mana yara."

"To, Gwaggo, su dawo. Amma ba tafi, ba waƙa."

"Gaɗa ba tafi? Dokar ta 'yan mata ce ko ta fili?"

"Ta fili ce, ta hau kan kowa."

"Alhamdulillahi, adalci ke nan. Kai kaɗai nake tausaya wa, ɗan nan. Ga zaɓe ya matso, kuma a nan kake taro. Haka za ka gama jawabi jama'a su yi tsit, kamar gidan makoki?"

Ciyaman ya dubi magoya bayansa, ya gyara hula, ya kira mai gadi.

"Buɗe musu. Gwaggo, ki ce su tafa da ƙarfi, hannu ya saba."