Farar Kantar Bakin Masai

Dalilin da ya sa kuke ganin wannan farin abu mai taurin tsiya yana kama bakin masai, uwarku ta yi ta gurza har kafaɗarta ta sage amma ya ƙi fita, ba ƙazanta ba ce, yara. Ku daina yatsine fuska, ku matso ku ji.

A da can ruwa ba ya barin tabo a ko'ina. Masai kuwa wuyan tsohuwar randa ake dasawa a bakin rami, a watsa ruwa, ya koma sumul. Kowa kuma ya san akwai aljanu masu zama a ƙarƙashinsa da ba a gani, suna da gidajensu da 'ya'yansu kamar mu. Don haka ba mai zuba ruwan zafi a wurin sai ya yi bisimilla ya ce, "A gafara, ga zafi nan," don su janye yaransu.

A wani ƙauye akwai wata mata mai yin daddawa, sunanta Tabawa. Ta sha haihuwa, ta sha binnewa, ɗiya ɗaya ce ta tsaya mata, wadda ake kira Ajuji. Ko tuntuɓe yarinyar nan ta yi, Tabawa sai ta dafe ƙirji.

Wata rana da hantsi ta sauke tukunyar kalwa tana tafasa, za ta tsiyaye ruwan. Sai ta jiyo Ajuji ta ƙwalla ƙara a zaure, ashe rina ce ta harbe ta. Hankalin Tabawa ya tashi. Masai ne kusa, ta juye ruwan nan a ciki gaba ɗaya ta ruga, ba bisimilla, ba gafara. Ita da ba ta taɓa mantawa ba, ran nan bakinta ya manta.

Kafin azahar Ajuji ta kwanta. Idonta biyu amma ba ta gane kowa, ba ta ci, ba ta magana. Tabawa ta shiga bayan gida ɗauko buta, sai ta tarar da wata doguwar mace zaune a bakin masai, rungume da zanen goyo ba kowa a ciki. Hawayenta na ɗiga a kan wuyan randar, duk inda ya sauka sai ya bushe fari fat.

"Ɗana na wasa a nan ƙasa," in ji aljanar. "Kalma ɗaya za ki faɗa in ɗauke shi."

Tabawa ta zube a ƙasa. "Baiwar Allah, wallahi mantuwa ce. Ki ɗauke ni, ki bar min yarinya."

"Me zan yi da ke? Kurwarta tana wurina. Ba don mugunta na riƙe ta ba, hannuna ne ba ya iya zama haka nan." Ta dubi farin tabon. "Ranar da wurin nan ya wuni babu alamar hawayena, na san na huce. Ran nan zan sako miki ita."

Tabawa ta ji kamar an ba ta sauƙi. Wanki ne fa, ita da ke wanke kalwa tun tana budurwa. Ta kawo toka da soso ta gurza, abin bai ko motsa ba. Ta kawo yashi. Ta kawo ɓarin fasasshiyar tukunya ta kankare har faratanta suka kakkarye. In ta ɓamɓare kaɗan, kafin ta je ta ɗiga wa Ajuji kunu a baki ta dawo, wani ya hau kan na da. Kalwa ta ruɓe a tukunya, masu sayen daddawa suka gaji da sallama suka daina zuwa, ita kuwa yarinya sai ƙara zama ƙashi take yi.

Wata tsohuwa makwabciyarta, Iya Hakama, ta leƙo ta ga hannuwan nan duk sun tsage suna jini. Ta ce, "Ke 'yar nan, abin da ya daskare ba a yi masa da ƙarfi. Jiƙa tsamiya da kauri, ki matse lemun tsami a ciki, ki shafe wurin ki bar shi ya sha."

Tabawa ta yi haka. Da ta dawo ta sa soso, sai ga farin nan yana narkewa yana bin ruwa. Wuyan randa ya fito ja, kamar yau aka gasa shi. Rabonta da dariya tun ranar rina, ran nan ta yi. Ta zauna tana gadi, rana ta take, ba tabo. La'asar ta yi, ba tabo. Zumuɗi ya hana ta jiran faɗuwar rana, ta leƙa ramin ta yi kira, "Fito ki gani! Tas yake, kamar ba a taɓa yin komai ba!"

Aljanar ta fito. Ta daɗe tana kallon wurin, ta shafa shi da tafin hannu.

"Kamar ba a taɓa yin komai ba," ta ce a hankali. "Nan ne kaɗai ya rage da ke nuna na taɓa haihuwa."

Sai hawaye suka ɓalle mata, fiye da na farko.

A nan Tabawa ta gane, kuma ganewar ta fi ƙuna ciwo. In ta bar tabon, 'yarta ba za ta dawo ba. In ta goge shi, uwar nan za ta sake kuka. Ta rasa ta inda za ta ɓullo, amma ba ta iya ajiye soso ba. Ajuji ba ta ga kaka ba. Bayan an kai ta, mutane suka riƙa jin ƙarar gurza daga bayan gidan Tabawa, ba wanda ya iya ce mata ta bari.

To shi ke nan fa, har yanzu da masai ya koma na tangaran mai sheƙi, farin nan bai bar mu ba. A sa masa tsami ya tafi, a kwana biyu ya dawo, don ita waccan uwar ba ta gama kukan ɗanta ba.