Ranar da Andarawus Ya Zauna a Bencin Baya

An yi wani bawan Allah a wani ƙauye, tun zamanin da Fada, limamin coci, ke zuwa a kan keke sau biyu a shekara. Sunansa Andarawus, manomi ne, ko harafi ɗaya bai sani ba. Amma addu'o'in nan kaf suna kansa. Shekara goma sha takwas shi ke tara jama'a ran Lahadi a gindin tsamiya, shi ke jan rosari, shi ke tsayawa a bakin kabari in an yi rashi.

To, jama'a ta yi yawa, aka gina coci, aka ba su Fada na zama. Fada ya zo da katikis, wato mai koyar da addini, mai ilimi, Malam Filibus, ya ce daga yau Malam Filibus ne zai riƙa jan addu'a.

Ku saurara, 'yan'uwa. Mutane suka ji haushi, ni ma da ina wurin da na ji. Ran Lahadi rabin jama'a suka ƙi shiga coci, suka koma gindin tsamiya. Ikilisiyar da ko wata uku ba ta yi ba, ga ta za ta rabe biyu.

Sai ga Andarawus da sandarsa. Ƙanwarsa Rifkatu ta tare shi ta ce, "Yaya, mu kai muka sani. Ja mana addu'a mu ga mai hanawa!"

Ya ce, "Haba Rifkatu, don ni kuke zuwa?"

Ta ce, "Abin bai yi maka zafi ba?"

Ya ce, "Ya yi mini zafi, ba zan yi ƙarya ran Lahadi ba. Amma shekarun nan abin da na ji a bakin Fada nake faɗa muku, wani na tuna, wani na manta. Yau ga mai karanta shi daga Littafi. Ni kam zan shiga in ji."

Ya wuce su, ya shiga, ya zauna a bencin baya. Kunya ta kama su, ɗaya bayan ɗaya suka bi shi ciki.

Kun ji. Aikin Allah amana ce, ba gadon gidanku ba. Ke da aka sauke daga shugabancin zumuntar mata kika daina zuwa Mas, kai da aka canza a ƙungiyar mawaƙa ka ɗauke ƙafa, kada ku waiga, da ku nake. Ranar da aka karɓi kujerarka, ranar ake gane ko don Allah ka zauna a kanta.